Wanzami a Ƙasar da Ba a Duban Ƙeya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya yi baki ya yi ƙeya, ya ajiye kowanne a inda ya dace da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni ne Nomau wanzami, ɗan Jatau wanzami, mutumin Gangaren Marke. Karatuna bai yi nisa ba, izu uku na yi aka rataya mini zabira. Magana ma ba ta dame ni ba. In na ce wa mutum "sunkuya", na ce masa "tashi", to mun gama hira. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin tafiyata ya faɗa bakin 'yan kasuwa, kowa na ƙara masa gishiri, har an ce wai aljana na auro a can. Ban auro kowa ba. Ga yadda aka yi.

Shekarar da na cika arba'in, dutsen washin da na gada wurin ubana ya siɗe, ya rabe biyu. Wani falke ya ce mini a bayan Tafkin Shuɗi akwai dutsen da yake wasa aska ba ya cinyewa. Na ɗaura zabira. Matata Kuluwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, duwatsun garin nan duk sun ƙare ne?"

Na ce, "Wancan nake so."

Ta ce, "To Allah ya kiyaye hanya. Ka dai dawo mini da haƙoranka cif."

Kwana talatin ina tafiya, na iso bakin wani daji. Na tarar da fatake shida sun yada zango, kwanansu tara sun kasa shiga. A dajin akwai tsuntsaye, kowanne ya kai jaki, da gashin mutum suke yin sheƙa. Sukan suri matafiyi ta suma ko ta gemu, su tashi da shi, in gashin ya tsinke ya faɗo cikin ƙaya. Fataken suna ta shawarar baka da kibiya. Na ce su zauna a jere. Na yi musu aski ƙwal-kwabo har gemu, na yi wa kaina, muka shafe kawunanmu da man shanu, muka shiga. Tsuntsayen suka yi ta sauka suna zamewa. Wani ya gwada kaina sau uku, ya sauka gefe yana harara ta kamar na zagi uwarsa. Muka fita lafiya. A bakin tafki muka rabu, su suka yi gabas, ni na shiga ɓarin wata ƙwarya mai girman ɗaki, iska ta tura ni kwana biyu har gaci.

Na sauka da yunwa, guzurina ya ƙare. Sai ga gonakin gero iya ganin ido, zangarniya na ƙyalli kamar an wanke ta. Na murza tafi guda na watsa a baki na tauna. Na ji ƙas. Na tofar, sai ga rabin turmin haƙorina a ƙasa.

Wata tsohuwa da ke tsaye a kan kunya ta yi dariya har ta dafa gwiwa. Ta ce, "Baƙo, geron dutse kake tauna? Ko giwa ba ta gwada wannan ba." Da na juya zan ɗauki zabira sai ta yi salati, ta rufe ido, ta jefo mini wani ƙyalle. "Rufa wa kanka asiri, mai sanƙo! Haka kake yawo ƙeya a waje?"

Nan na fara sanin al'adarsu. A ƙasar, ganin ƙeyar mutum daidai yake da ganin tsiraicinsa. Kowa na ɗaure da ƙyalle a bayan kai. Ba a bin bayan wani, sai a jera kafaɗa da kafaɗa. In za a rabu, kowa ya yi ta ja da baya yana fuskantar ɗan'uwansa har kwana ta raba su. Wanzami kuwa ba su taɓa jin sunansa ba. Mazansu suma kamar kurmi.

Sunan tsohuwar Tabawa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wasu fararen dunƙule guda uku, kowanne kamar aya, masu laushi. Ta ce, "Maɗi ke nan, shi ne abincinmu. Ci." Na ci. Zaƙi ya ratsa ni, ƙarfina ya dawo. Sai daga baya na san su ke nan suka rage mata.

Na ce, "Inna, da me ake yin wannan?"

Ta ce, "Da abin da ya fasa maka haƙori. Zo ka gani, tun ba a kashe su ba."

A hanya ta yi mini bayani. Geron dutse ba ya dakuwa, ba ya dahuwa, ko an kwana bakwai ana hura masa wuta. In an ajiye shi yakan narke ya zama maɗi da kansa, amma sai ya shekara arba'in. Wa zai jira tuwon shekara arba'in? Sai Allah ya ba su wasu halittu masu yin aikin nan kafin ƙiftawar ido. Ita ce mai kiwonsu, kamar yadda uwarta da kakarta suka yi.

Muka iso wasu kududdufai uku a jere, ɗaya na zuba cikin ɗaya. A kowanne akwai halittun nan arba'in-arba'in, ba ƙafa ba hannu, kamar turame a zaune cikin ruwa, sun juya baya ga bango. An sakaya bayansu da tabarmi don girmamawa. Na kududdufin farko sunansu Fasau, su ke fasa ƙwayar. Na biyu Niƙau, su ke niƙa fasasshen. Na uku Narkau, su ke mayar da garin maɗi. Bakin kowanne an yi shi daidai da abin aikinsa, kamar kube da wuƙarsa. Ka ba Niƙau ƙwayar da ba a fasa ba, ba za ta zauna a bakinsa ba. Kuma ba sa haɗiye komai. Su kama, su juya, su saki, su kama wata. Tabawa ta ce waɗanda kakarta ta kiwata su ne waɗannan, ba su rame ba, ba su ƙaru ba.

Ta ce, "Ruwa mai ɗumi suke so, kamar na wankan jariri. In ya yi sanyi sai su yi nawa. In ya yi zafi kuwa sun tafi ke nan. Ka taɓa ganin dafaffen ƙwai ya koma ɗanye?"

A kan tudu rumbunan gari suke, gero na gangarowa ta wani kwararo zuwa kududdufin farko. Kwararon ba shi da ƙofa. In Fasau sun tsaya, sai ya cika, geron ya tsaya da kansa. A ranar kuwa a tsaye yake. Bakin Fasau duka arba'in ya murɗe ya tsuke kamar bakin jakar da aka ja wa igiya. Niƙau da Narkau bakinsu a buɗe, lafiyarsu lau, abin yi ne babu.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Kwana goma sha biyu. Bayan da Gwadabe ya datse ruwa."

Gwadabe shi ne Magajin Rumbu, mai iko da abincin gari. Da can kowace safiya mata kan kwashe maɗin da aka yi, ruwa ya wuce abinsa. Sai mutanen wani gari suka aiko za su zo biki, Gwadabe ya rantse sai ya nuna musu tarin maɗin da ya fi kuka tsawo. Ya sa aka datse mafitar ruwa, ya hana kowa ɗiban ko ƙwaya ɗaya. Ruwa ya komo baya, maɗi ya yi ta yawo a kansa har kududdufin farko. Kwana biyu da yin haka Fasau suka rufe baki. Gari na kallon abinci yana kwana da yunwa.

Na ce, "Wani abu bai maƙale musu a baki ba?"

Ta ce, "Na zura yatsa, ba komai. Da abu ne ya tare bakin, in an tura gero da yawa ai zai ture shi. Mun tura buhu goma, ko gezau. Bakin ne da kansa ya sake kama. An yi musu kiɗa, an yi musu kirari, wani ma ya zuba musu barkono. Yanzu Gwadabe ya ce lalaci ne, ni na sangarta su. Gobe da rana tsaka zai buɗe musu maɓuɓɓugar ruwan zafi wai su farka." Ta share ido da bakin zane. "In suka mutu, garin nan ya mutu. Ni kuwa tare za a dafa mu."

Na ci maɗinta uku. Bashinsu na kaina.

Washegari da hantsi gari ya taru. Gwadabe ya iso, ƙato ne, sumarsa har kafaɗa, ƙyallen ƙeyarsa na da ado. Majiya ƙarfi biyu na tsaye a bakin maɓuɓɓuga suna jiran rana ta daidaita. Kowa ya zuba wa bakin Fasau ido.

Ni shekara ashirin da biyar ina sana'a a bayan mutane. Mutum ya zo mini da ciwon ido ko nauyin goshi, ba idon nake taɓawa ba, ƙaho nake kafa masa a ƙeya. Saboda haka ƙafata da kanta ta zaga bango. Na ɗaga tabarma.

Wata mata ta ƙwala ihu. Gwadabe ya ce, "Kai! Wane marar kunya ne wannan? Ku kama shi!"

Majiya ƙarfin suka cafko ni ta kai. Sauran man shanun daji na nan, ga zufa. Na sulluɓe musu kamar tarwaɗa, na faɗa ruwa bayan Fasau na farko. A ƙeyarsa na ga wani ɗan rami, daidai girman aya. Maɗi guda ya shige ciki ya zauna daram, naman wurin ya ɗaure, ɗaurin ya bi ta gefe har zuwa baki. Na ciro ƙaho daga zabira na kafa, na zuƙa. Maɗin ya fito fut. Naman ya saki.

Daga gaba na ji Tabawa ta ce, "Ya buɗe! Wallahi ya buɗe!" Sai ƙas, ƙas, ƙas, Fasau ya kama aiki.

Na ce, "Inna, duba." Na mayar da maɗin ramin. Ta ce, "Ya rufe." Na zuƙe. "Ya buɗe." Sau uku muka yi haka. Jama'a duk sun rufe fuska da hannu, amma kowa na leƙe ta tsakanin yatsu.

Gwadabe ya matso yana kallon sama don kada idonsa ya faɗa inda bai kamata ba. Ya ce, "Baƙo, me ka gani a... a wurin?"

Na ce, "Rami, ranka ya daɗe. In maɗi ya yi yawa a ruwa sai ɗaya ya shiga, baki ya rufe. Ka fasa datsiyar, a kwashe."

Ya ce, "In fasa? Ashe ramin ne munafukin! Ka zuƙe su duka, ka toshe ramukan da kakin zuma, kada wani abu ya ƙara shiga."

Na ce, "Kada a yi."

"Don me?"

"Wanda ya yi ramin bai yi shi banza ba."

Ya ce, "Kai da ka zo jiya da ƙeya a buɗe, kai za ka koya mini? Ko kaki, ko ruwan zafi. Zaɓi."

Na dubi Tabawa. Ta ce, "Toshe, ɗan nan. Mai rai ai ya fi dafaffe." Na toshe arba'in ɗin.

Aiki ya tashi kamar ana sussuka. Kafin la'asar maɗi ya cika kududdufai. Gwadabe na ta zagaye yana cewa, "Kun gani? Kun gani?" Da gari ya waye maɗi ya haura datsiya, ya bi lungu-lungu, ya shiga ɗakuna. Awaki suka maƙale a tsaye. Wani tsoho ya fito da takalmi ya koma ba shi. Rana ta buga, abin ya fara tsami, tururuwa suka fito, kowacce ta kai ɗan tsako. Fasau kuwa ba su san an ƙoshi ba. Gero na ta gangarowa, rumbu shida suka zama wayam, saura na bakwai, wanda irin shuka ke ciki. Aka jibga duwatsu a kwararo, nauyin geron ya ture su.

Gwadabe ya taho da gudu, santsi ya kwashe shi, ya faɗi da baya. Aka ɗago shi sumarsa ta zama dunƙule guda, tururuwa na hawa. Yana susa yana ihu, "A buɗe ruwan zafi! A kashe su kafin su cinye iri!"

Tabawa ta tattare zane ta shiga kududdufin farko har ƙugu. Ta ce, "Gwadabe, ni na yi maka wanka kana jariri, na san ƙeyarka tun ba ta da gashi. Buɗe ruwan in ka isa."

Majiya ƙarfin suka tsaya da hannu a kan dutsen maɓuɓɓuga, suna duban wannan suna duban wancan. Na ce, "A ba ni lokacin aski biyu." Na zaro aska na zaga baya.

Kakin ya daskare, kuma wurin nama ne, sai a hankali. Na ɓamɓare na farko. Ban ma janye hannu ba wani maɗi ya taso kan ruwa ya faɗa ramin, baki ya tsuke. Na biyu haka. Ina kan na tara na ga ba zan gama ba, ƙarar rumbun iri ta fara sauyawa. Sai na ji motsi kusa da ni. Tabawa ce, ta zago bayan tabarma, tana ta istigfari.

Ta ce, "Shekara sittin ina kiwonsu ban taɓa ganin nan ba. Miƙo ƙaramar askar, mai sanƙo."

Hannunta ya fi nawa sauri. Tana ɓamɓara tana magana. "Kai, ga wata 'yar tsaga a gefe, ƙaiƙayi a ciki. Cire mu gani. Ka ga bakin ya rage faɗi? Mayar. Ya ƙara buɗewa! Shi ya sa da kaka, in ƙaiƙayi ya cika ruwa, suke aiki kamar ana korarsu. Ni ina cewa murnar sabon gero ce."

Na ce, "Inna, kaki."

Muka gama. Ƙarar ta ɗauke ɗif. Kwararo ya cika, gero ya tsaya. Aka leƙa rumbun iri, ya ragu da kamu uku, sauran na nan. Majiya ƙarfin suka sauke hannu daga dutsen.

Ba wanda ya jira umarni. Mata suka fasa datsiya, kowa ya kawo ƙwarya da masaki. Aka ci, aka shanya, aka aika wa garin da za su zo biki jaki hamsin, aka ce su yi bikin a gida. Kwana uku ana kwasa. A rana ta huɗu ruwa ya yi garau, ina tsaye a baya na ga maɗin ramin Fasau na farko ya sulluɓo da kansa ya bi ruwa. Baki ya buɗe. Ba ƙaho, ba kiɗa, ba barkono.

Saura Gwadabe. Kwana huɗu bai runtsa ba, tururuwa sun yi gari a sumarsa. An wanke da toka, an wanke da sabulu, abin sai ƙara cakuɗewa yake. Ya aiko a kira ni. Na same shi a soro, ya kori kowa.

Ya ce, "An ce kana da wata dabara ta gashi."

Na ce, "Aski."

"Ta gaba ake yi?"

"Ta baya ake farawa."

Wata tururuwa ta cije shi, ya zabura. Ya kwance ƙyallen da hannunsa, ya juya mini baya, ya ce, "In ka faɗa wa wani abin da ka gani..."

Na ce, "Sunkuya."

Ƙeya ce kamar ta kowa. Da na gama ya shafa kansa, iska ta taɓa shi, ya yi ajiyar zuciya, barci ya kwashe shi a zaune. Kafin mako ya zagayo na aske mutum ɗari da wani abu, kowanne a ɓoye, kowanne na cewa kada in gaya wa sauran. Tabawa ta sa aka ɗage tabarmin bayan Fasau kamu ɗaya, ta koya wa 'yar ƙanwarta zagawa duba ramukan kowace safiya. Datse ruwa kuwa ba a sake ba.

Da zan tafi na tambaye ta dutsen da na zo nema. Ta yi dariya irin ta ranar farko. Ta shiga gona ta karyo zangarniya guda ta geron dutse, ta ce, "Wannan ne dutsen da falken naka ya gani. Goga askarka." Na goga sau biyu, ta yanke gashin hannuna ba tare da na ji ba. Muka rabu irin nasu, ina ja da baya tana ja da baya, har na faɗa cikin ƙwaryar tafki.

Da na iso gida Kuluwa ta ce in buɗe baki. Ta ƙirga. Ta ce, "Na ce cif."

Bara wani malamin asibiti ya zo aski, na ba shi labarin nan a taƙaice. Ya ce irin halittun nan suna cikin jikin kowa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, su ke narka tuwon da muke ci, wasunsu ma har da ramin ƙeyar. Ya ce su ne a cikin tsiron hatsin da mata ke zubawa a kunun zaƙi, shi ya sa ba a zuba shi kunu na tafasa. Ya so ya yi ta bayani. Na ce masa ya sunkuya.

Zangarniyar na nan a zabirata, shekara talatin da huɗu ina wasa aska da ita, ba ta ragu ba. Saura shida ta narke. Kuluwa ta ce in Allah ya kai mu, ita za ta fara ɗanɗanawa, ladan haƙorin da na ƙi dawo mata da shi. Na ce to. Allah ya sa mu ga ranar, ya sa mu cika da imani.